Diyyar wanda aka yi wa rauni a Birtaniya ko ba a kai maharin kotu ba

A Ingila, Wales da Scotland, hukumar gwamnati mai suna CICA ce ke biyan diyya ga wanda aka kai wa hari, bisa tsarin biyan diyya na shekarar 2012. Ba sai an kama maharin ko an yanke masa hukunci ba. Ai ma ba kai ke yanke shawarar gurfanar da shi ba, aikin masu gabatar da ƙara ne.

Amma dole ka sanar da 'yan sanda da wuri, ka karɓi lambar rahoto. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne janye bayani. Tsarin ya ce sai ka ba da haɗin kai gwargwadon iko wajen hukunta mai laifi, don haka idan dangi suka sa baki ka ce "na yafe", CICA na iya hana ka ko sisi. In tsoro ko barazana ce ta sa ka janye, rubuta hakan dalla-dalla, ana dubawa.

Ka nemi diyyar cikin shekara 2 da kai maka harin, ta intanet, kyauta, ba sai da lauya ba. Diyyar tana farawa daga fam 1,000, iyakarta fam 500,000. In raunuka da yawa ne, ana biyan mafi muni cikakke, na biyu kashi 30 cikin 100, na uku kashi 15. In harin ya taɓa lafiyar tunaninka ne, sai da shaidar likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam na asibiti. Tsohon hukuncin da kotu ta yanke maka, wanda bai goge ba tukuna a idon doka, yana iya rage kuɗin ko hana shi ɗungurum.

In an ƙi ka, kana da kwana 56 ka nemi a sake dubawa.