Darussan da na koya daga zazzaɓin aladu na Afirka

A karatuna na likitancin dabbobi, babu cutar da ta nuna mini yadda annoba ke tafiya kamar zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921. Ba ya kama ɗan Adam, amma idan mai zafinsa ya shiga garke, da wuya alade ya tsira.

Masana sun raba ƙwayar cutar zuwa zuri'a 24 bisa bambancin wani sashe na ƙwayar halittarta da ake kira p72, kuma mafi yawan zuri'o'in suna gabashi da kudancin Afirka. A can ne ƙwayar ta daɗe tana kai-komo tsakanin gadu da wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a raminsa. Gadun ba ya jin ciwo, kaskar kuwa tana riƙe ƙwayar shekaru, wannan dogon zama ne ya ba ƙwayar damar rarrabuwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk da wannan yawa, zuri'a biyu kacal suka bar nahiyar. Ta ɗaya ta isa Fotugal a 1957. Ta biyu ta sauka a Jojiya a 2007, ta ratsa Rasha, ta shiga Tarayyar Turai a 2014, ta kai Sin a 2018, sannan ta ɓulla a Haiti a 2021. Ba gadu ba ne ya ƙetare teku da ita. Ƙwayar tana rayuwa watanni cikin naman da aka busar ko aka daskarar, shi ya sa ake ɗora laifin a kan ragowar abincin jiragen sama da na ruwa da aka zuba wa aladu.

A ɗakin gwaji kuma na fahimci iyakar sunan zuri'a. Samfurin Jojiya da na Sin kusan iri ɗaya ne a sashen p72, saboda haka gwajin yana nuna tushe mai nisa, amma ba ya faɗin wace gona ce ta harbi wata. Wanda ke son wannan amsa sai ya karanta ƙwayar halittar gaba ɗayanta, ya kuma zauna da makiyaya da dillalai da direbobi ya ji inda mota ta ɗauki aladu da inda ta sauke su.