Ganyen da na yi ta takawa ina nemansa

Har yau ina tuna ranar nan, watan Mayu ne, shekarata ta farko ina karatun ilimin tsirrai a Jamus, malamarmu ta kwashe mu zuwa wani daji mai manyan itatuwan da suke kira Buche, inuwa ko'ina ƙasa kuma da danshi, ta ce kowa ya nemo mata Waldmeister, wato Galium odoratum a sunan kimiyya. Ni dai abin da na riƙe daga littafi shi ne tsiron yana da ƙamshi, shi ke nan sai na hau tsinkar ganye ina shinshinawa, kusan awa guda ban samo komai ba, ashe tun shigowarmu nake taka shi.

Da ta ga na gaji sai ta durƙusa ta tsinko guda ɗaya ta ce in sa a aljihu kar in taɓa sai yamma. Gaskiya a lokacin ban gane nufinta ba. Sai a bas muna komawa na ji wani ƙamshi na tasowa daga rigata, irin na ciyawar da aka yanka ta kwana a rana, har ya ɗan tuna min da sabuwar harawa a gida, da wani zaƙi-zaƙi a ciki. Ashe ɗanyen ganyen kusan ba ya ƙamshi, sai ya yi yaushi sannan sinadarin kumarin da ke cikinsa yake fitowa. Wannan abu ya tsaya min a rai sosai, don alamar da na fi dogara da ita ita ce ta ƙarshen zuwa.

Washegari na koma ni kaɗai na zauna na kalle shi da kyau. Gajere ne, da wuya ya wuce santimita 30, ganyensa sirara suna kewaye da kara hawa-hawa kamar tauraro, guda 6 zuwa 9 a kowane hawa, in ka murza karan tsakanin yatsu za ka ji kusurwa huɗu kuma da santsi, furen fari ƙanana mai baki huɗu. Ba ya fitowa shi kaɗai, shimfiɗa yake yi a ƙasa. Yana da ɗan'uwa Galium aparine da ke ruɗar mutane amma shi wannan kaushi gare shi, yana manne wa wando kamar ƙarangiya, akwai kuma Galium sylvaticum wanda ya fi tsayi kuma karansa zagayayye ne. Dukkansu dangin Rubiaceae ne, dangi ɗaya da itacen kofi, abin da ya ba ni mamaki kenan.

Kuma ba wasa ba ne fa, don mutane a can ci suke yi, suna jiƙa shi a wani abin sha na watan Mayu da suke kira Maibowle, ɗanɗanonsa har a askirim da alawa, in ya yi yawa kuma ciwon kai yake sawa. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga wani ya ɗauki hoto da waya kawai ya ce ya gane tsiro ya kai baki.

Yanzu in an ba ni sabon tsiro kara nake fara murzawa, in ƙirga ganye, in duba wace bishiya ce ke masa inuwa. Wancan na farkon yana nan a busashe cikin littafina, in na buɗe shafin har yanzu yana ƙamshi.