Shekara Shida a Teburin Haraji a Bronx

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara shida ina cike wa mutanenmu takardun haraji a Bronx, a birnin New York na Amurka. Fuskoki da yawa sun ɓace mini, ban da ta wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

A shekarata ta farko ta zo, tana da shekara 50, da ɗan abin da take son ajiyewa saboda tsufa. Asusu biyu ne a gabana. Ga IRA na gargajiya, wato asusun ajiyar kuɗin ritaya, wanda ake rage maka haraji yau, ka biya ranar cirewa. Ga kuma Roth, mai sunan Sanata William Roth na Delaware, da aka fara a 1998: kuɗin da ka riga ka biya harajinsa za ka zuba, idan ka tsufa ka kwashe da uwa da riba ba a taɓa maka ko sisi. Maigidan ofis kuwa karatu ɗaya ya biya mana, wai ka nuna wa mutum kuɗin da gwamnati za ta maido masa ya kumbura a allon kwamfuta, gobe zai kawo ƙaninsa. Na gargajiya ne ke kumbura lambar, shi na zaɓa mata. Ban tambaye ta yaushe za ta buƙaci kuɗin ba.

Dala 4,000 take zubawa duk shekara. Bayan shekara biyar auren 'yarta ya taso, ga kayan ɗaki, ga kujerar Makka da ta yi wa mahaifiyarta alkawari. Ta cire dala 20,000 tana da shekara 55, ba ta kai 59 da rabi ba, shekarun da ake fara cirewa ba tara. Da ta kawo takardar 1099-R, mai nuna kuɗin da ta cire, a cikin jakar leda, ni na buga lissafin da hannuna: tarar kashi 10, dala 2,000 ke nan, sannan kuɗin gaba ɗaya ya hau kan albashinta a matsayin abin da za a yi wa haraji. Rangwamen kashi 12 da na yi ta mata murna a kansa, duk ta mayar. Da a Roth ne, uwar kuɗin da ta zuba tana iya ɗauka ko yaushe, ba tara ba haraji.

Ta daɗe tana duban allon, sannan ta ce, "Ɗana, ai kai ka ce wannan ya fi." Na ce, "Ni ne, Hajiya." Maigida ya leƙo daga ofishinsa ya ce mata yaron sabo ne a lokacin. Har yau wannan maganar na ci mini rai, don ya san wanda ya koya wa yaron.

Ba na cewa na gargajiya ba shi da amfani. Likita ko injiniya mai biyan kashi 32 yau, wanda zai sauko ƙasa bayan ritaya, shi ya dace da shi, sai dai ya tuna daga shekara 73 ko 75, gwargwadon shekarar haihuwarsa, dole ya fara cirewa. Amma yawancin masu zama a kujerar gabana albashinsu ƙarami ne, kuma rabin zuciyarsu na gida, inda biki da rashin lafiya ba sa jiran 59 da rabi.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba kai ka duba ba. Mai zuwa ranar 14 ga Afrilu ma, jajibirin ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, a ba shi kujera.

Tun daga ranar Hajiya, kafin in taɓa kwamfuta sai na tambayi mutum shekarunsa da abin da ke jiransa a gida. Maigida ya ce ina ɓata lokaci. Ita kuwa daga baya ma teburina ta dawo, da 'yarta.