Me Ya Sa Ƙwari Ke Dawowa Da Ƙarfi Bayan Feshi?

Manomi kan yi wa bishiyoyinsa feshi, bayan 'yan makonni ya tarar darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan tsiro, ta fi ta da yawa, sai ya ce maganin jabu ne. Sau da yawa maganin ya yi aiki, sai dai waɗanda ya fara kashewa su ne ƙananan zanzaro masu taya shi yaƙi.

Galibinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma ba sa harbin mutum. Wani irinsu mai suna Aphelinus mali kan saka ƙwansa a cikin darɓar tuffa, tsutsarsa ta cinye ta daga ciki. Aphytis melinus kuwa ƙwaron ɓawo mai manne wa lemo yake bi. Ka juya ganye ka duba da gilashin ƙara girma: in ka ga darɓa ta ƙandare, ta yi baƙi ko ruwan ƙasa, da ɗan rami zagayayye a bayanta, zanzaro ne ya fito daga nan.

Inda matsalar take, ƙwaron ɓarna na ɓoye ƙarƙashin ɓawo ko farin kakin jikinsa, zanzaro kuwa yini yake yi yana yawo a kan ganyen da aka fesa. Magungunan feshi irin su cypermethrin, lambda-cyhalothrin, dimethoate da chlorpyrifos suna kashe zanzaro da taɓawa kawai, kuma ragowarsu na daɗewa a ganye, tana jiran waɗanda za su ƙyanƙyashe. Maganin imidacloprid ya fi yaudara. Ko a gindin bishiya aka zuba shi, yakan hau har cikin ruwan fure da zumar da darɓa ke fitarwa, abincin zanzaro ke nan. Wanda bai mutu ba ma ƙwansa kan ragu, ya kasa bin warin abin farautarsa.

Saboda haka kada a yi feshi don kawai lokaci ya yi. A fesa bishiyar da ta kamu, a bar saura su zama mafaka. Ga tsutsa mai cin ganye, Bt, maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya, ya wadatar, ba ya taɓa zanzaro. Ga ƙwaron ɓawo, man feshi da aka haɗa da ruwa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, yana shaƙe shi, kuma da ya bushe haɗarinsa ga zanzaro ya ragu ƙwarai, amma a guje shi a tsananin zafi don yana ƙona ganye. A ɗaura wa gangar bishiya ƙyalle mai danƙo don tare tururuwa, domin su ne ke korar zanzaro daga darɓar da suke shan zumarta.