Minti huɗu kafin mutuwa: abin da Ghost Trick ke koya wa mai tsara gem

Ghost Trick: Phantom Detective gem ne na kamfanin Capcom. Shu Takumi, mutumin da ya ƙirƙiro jerin gem na Ace Attorney a 2001, shi ya rubuta labarinsa ya kuma ja ragamar aikin. Ya fita a Japan a watan Yunin 2010 a kan na'urar wasa ta hannu Nintendo DS, ya isa Amurka da Turai a Janairun 2011. Bai yi kasuwa ba. Sai dai 'yan kaɗan ɗin da suka buga shi ba su bar maganarsa ta mutu ba, har Capcom ya sabunta shi ya sake fitar da shi ranar 30 ga Yunin 2023 a kan Switch da PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. A Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, yana cikin rukunin da yabon masu saye ya yi wa suka rinjaye mafi girma. Duk mai koyon tsara gem na wasa ƙwaƙwalwa yana da abin dubawa a nan, domin wuraren da mutane suka yaba da wuraren da suka yi tsaki duk a fili suke, kuma kusan abu guda ne ya raba su.

Da farko dai, kada kalmar Ghost, wato fatalwa, da ke cikin sunansa ta ruɗi kowa. Ba gem na ban tsoro ba ne, raha ma ta fi yawa a cikinsa. Kai ne Sissel, ka farka a filin zubar da tarkace da ƙarfe 7:02 na dare, ka tarar ka mutu, ba ka san ko kai wane ne ba, an kuma gaya maka da gari ya waye za ka ɓace. Ikonka bai taka kara ya karya ba. In ka shiga duniyar fatalwa lokaci yana tsayawa cak, allo ya koma ja, kowane abin da za ka iya shiga ya nuna ɗigon haske shuɗi a jikinsa. Kana tsallakawa daga wannan ɗigo zuwa wancan, amma tsallen gajere ne. In ka dawo duniyar masu rai sai ka motsa abin da kake ciki, kuma kowane abu motsinsa ƙayyadadde ne: tsani ya miƙe, firiji ya buɗe, keke ya gangara, lema ta buɗe ko ta rufe. Tafiya mai nisa kuwa sai ta layin tarho. Babban ikon shi ne wannan: in ka samu gawar da ba ta kwana guda da mutuwa ba, kana iya komawa minti huɗu kafin ajalin mutumin ka yi ƙoƙarin kawar da shi.

Darasin da ya fi kowanne nauyi yana cikin yadda aka jera waɗannan minti huɗun. Kafin a ba ka damar taɓa komai, sai an zaunar da kai ka kalli mutuwar daga farko har ƙarshe. Ka ga wanda ya shigo, ka ga inda ya tsaya, ka ga abin da ya faɗi da lokacin da ya faɗi. Sannan a mayar da kai farko a ce to bismilla. Ke nan tun kafin ka yi kuskuren farko ka riga ka san abin da kake ƙoƙarin hanawa. In ka gaza, ba sabon hukunci aka yi maka ba, abin da ka riga ka gani ne ya sake faruwa, kuma galibi kana tashi da wani sani da ba ka da shi ɗazu: ashe ƙofar nan tana buɗewa ne bayan an buga tarho, ashe ɓeran nan abinci yake bi. Shi ya sa mutane suke faɗuwa sau uku sau huɗu a babi guda ba tare da sun ji an zalunce su ba. Ɗan wasa yana da haƙurin faɗuwa fiye da yadda masu tsarawa suke zato, muddin dai faɗuwar ta bar masa wani abu a hannu.

A duba babi na biyu. Ana so ka ɓoye yarinya, Kamila, kafin maharbi ya shigo ɗakin, alhali ba ta ganinka ba ta jinka. Ba ka da hannun da za ka ja ta. Abin da kake da shi kayan ɗaki ne da ɗan kare mai yawan haushi, Missile. Sai ka lura cewa kare yana bin abin da ya motsa, yarinya kuma tana bin kare, don haka in ka ja kare ƙarƙashin kujera ita ma can za ta.  Wannan ƙa'ida ka gan ta ne da idonka tana aiki, sau ɗaya ko biyu, a inda ba ta amfane ka ba, sannan ka juya ta ta amfane ka. Jin cewa kai ka gano, ko da an shimfiɗa maka hanyar tun farko, shi ne abin da masu yabon gem ɗin suke nufi idan suka ce yana da wayo.

Akwai ƙananan kusoshi da suke riƙe da wannan gini, kuma su ne masu kwaikwayo suka fi mantawa. Na ɗaya, tsayar da lokaci kyauta ne: kana iya shiga duniyar fatalwa ka zauna ka yi tunani iya son ranka, agogon yashin da ke gefen allo ba zai zubar da ƙwaya ɗaya ba. Don haka ana jin matsin lokaci a zuciya amma ba a yatsa ba. Na biyu, zango. In ka yi wani abu da ya jinkirta ajalin, gem ɗin yana sanar da kai cewa ƙaddara ta sauya, ya ƙara maka lokaci, ya kuma ajiye maka wurin. In ka faɗi daga baya, zaɓi biyu ne: ka koma wannan zangon, ko ka koma farkon minti huɗun. Zaɓi na biyun ba ado ba ne. Wani lokaci mutum yana isa zango alhali ya baro wani abu a baya, kuma da babu hanyar komawa tushe da ya maƙale har abada. Sai kuma gajeren tsallen nan na Sissel, wanda a ganina shi ne gwarzon da ba a yi wa kirari. Saboda ba ka kaiwa nesa, abubuwan da za ka gwada a kowane lokaci ba su wuce 'yan kaɗan ba. Mutumin da ya rasa ta cewa yana iya gwada su duka cikin ɗan lokaci, kuma kowane gwaji yana nuna masa wani motsi. Gem ɗin kasada na da, inda ake tara kaya ashirin a jaka ana goga wannan a jikin wancan, a nan suke kashe wa mutane gwiwa.

To ina aka yi tsaki?

A babi na tara, cikin babi goma sha takwas. Ko masu ƙaunar gem ɗin, in ka tambaye su inda suka ji haushi, nan suka fi ambata. Wuta ta ɗauke a kurkuku, ana so ka raka wani fursuna, Jowd, ya fice ba tare da masu gadi masu tabaran gani cikin duhu sun hango shi ba. In an hango shi an harbe shi, a koma baya. Matsalar ba wuya ba ce, akwai babuka a gaba da suka fi shi sarƙaƙiya kuma ba a zage su ba. Matsalar ita ce ya karya alƙawuran da babi takwas suka ɗaukar wa ɗan wasa. Ba a nuna maka abin daga farko zuwa ƙarshe ka nazarta ba, domin ba mutuwar da ta riga ta faru kake warwarewa ba. Allon duhu ne, sai ka riƙa shiga duniyar fatalwa kana fita don ka ga fasalin wurin. Ga shi kuma nasara ta rataya a kan daidaita lokacin da za ka ce wa Jowd ya taho da zagayen mai gadi. In aka harbe shi, sau da yawa abin da ka koya bai wuce "na yi gaggawa" ko "na makara" ba, wanda ba ilimi ba ne, kame-kame ne. Niyyar a fili take: bayan awoyi ana abu iri ɗaya, a sauya ɗanɗano. Sauyin dai ya taɓa ginshiƙin da bai kamata a taɓa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan laushi amma ya fi yaɗuwa a cikin gem ɗin: jira. Akwai wuraren da dama take zuwa sau ɗaya, misali wani abu yana wucewa ta kusa da kai na ɗan lokaci, ko ana magana a tarho. A cikin minti huɗun baya, layin tarho ba ya ɗaukarka sai lokacin da ake amfani da shi, don haka in aka ajiye kan tarho ba ka bi ba, shi ke nan. Wani kiran ma tarko ne: ka bi, ka isa can, ka tarar babu abin yi kuma babu hanyar dawowa. Sissel yakan yi 'yar magana da ke nuna an yi ɓatan kai, wanda ya rage zafin abin, amma duk da haka sai ka koma zango ka sake kallon abin da ka riga ka haddace har damar ta sake zagayowa. Lissafin mai sauƙi ne. In damar tana zuwa daƙiƙa arba'in bayan zango, mutum kuma ya kuskure ta sau biyar, ya ɓata fiye da minti uku yana kallon allo hannunsa a naɗe, alhali tun a karo na biyu ya san amsar. Maganin ba ya wuce ɗaya cikin biyu: a matso da zango dab da damar, ko a sa damar ta riƙa maimaita kanta.

Daga nan ake samun hanyar gwaji mai amfani ga duk wanda yake gina irin wannan gem. Ka zaunar da mutum biyar da ba su taɓa ganinsa ba, ɗaya bayan ɗaya, ka kame bakinka. Duk lokacin da ɗayansu ya faɗi, tambaya ɗaya za ka yi: me ya jawo? In ya ce "ban buɗe ƙofar da wuri ba, da na buɗe da ƙwallon ya wuce", tsarinka lafiya lau, ko da ya faɗi sau shida. In ya ɗaga kafaɗa ya ce oho, laifin naka ne, ko da a karo na gaba ya wuce bisa sa'a. Ka kuma riƙe agogo ka auna tazarar da ke tsakanin lokacin da ya ce "na gane" da lokacin da gem ya bar shi ya aiwatar. Wannan tazarar ce take zama ƙorafi a bakin masu saye, kuma yawan faɗuwa kaɗai ba zai nuna maka ita ba.

An kuma soki gem ɗin da cewa kowace matsala amsarta ɗaya ce, kuma in ka gama shi, cikin awa goma zuwa sha biyu, babu abin da zai dawo da kai sai marmarin labarin. Sukar gaskiya ce, amma ban ga ta rage masa masoya ba. Amsa ɗaya ita ta ba da damar a zana kowane motsi da hannu yadda ya dace da wurinsa. Allon DS ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, kuma babu muryar 'yan wasan kwaikwayo ko ɗaya a gem ɗin, don haka jiki ne yake magana. Sufeto Cabanela, wani ɗan sanda a labarin, da farar kwat ɗinsa ba ya tafiya sai da rawa, kuma daga takunsa kaɗai ka san ko wane ne. Wannan ba ƙawa kawai ba ce. A gem ɗin da aikinka shi ne karanta abin da mutane za su yi nan da daƙiƙa biyu, motsi mai bayyana kansa yana cikin bayanin da kake buƙata don warware matsalar. Haka ma ikon musanya abubuwa biyu masu siffa iri ɗaya, wanda wata fatalwa ta biyu take kawowa a kashi na ƙarshe: ya karɓu nan da nan domin da ido ake gane shi, ƙwallo da taya duk zagayayyu ne, ba sai an yi dogon bayani ba.

Batun rashin kasuwa kuwa darasinsa daban ne, kuma ba na teburin tsarawa ba ne. Gem ɗin ya isa Amurka da Turai saura wata biyu da 'yan kwanaki Nintendo 3DS ta fito a can, a Maris ɗin 2011, hankalin masu saye ya riga ya koma kan sabuwar na'ura. Sunansa sabo ne, ba ci gaban wani sanannen gem ba. Ga wata matsala da ta fi waɗannan wuyar magani: abin da ya fi burge mutane shi ne yadda labarin ya ɗaure a babukan ƙarshe, kuma wannan ba ya faɗuwa ba tare da an fasa ƙwai ba. Sai masoyansa suka koma cewa "kai dai ka buga, kada ka karanta komai a kansa", wanda shawara ce mai kyau amma talla ce mai rauni. Abin da ya cike giɓin shi ne ɗanɗano, wato ba da wani ɓangare na gem ɗin kyauta a gwada. Da aka kai shi iPhone a duniya a 2012, babi biyun farko kyauta ne, sauran na kuɗi. A 2023 ma an saki ɗanɗano kafin ranar fitarwa. Dubi kuma inda aka yanka: babi na biyu shi ne na Kamila da Missile, karen da Takumi ya ɗauko daga nasa karen na gida mai wannan suna, wanda kusan duk wanda ya buga gem ɗin yake fara ambata. Sabon bugun ya ƙara kaifin hoto, ya zo da kiɗan Masakazu Sugimori na asali tare da sabon salo da mutum zai zaɓa, ya kuma isa wayoyin Android da iPhone a Maris ɗin 2024. Babi na tara yana nan a wurinsa, da duhunsa da masu gadinsa.