Wace manhaja ce ke riƙe da sunan buhun shinkafa?

Aikin kwamfuta nake yi a wani kamfanin sari a Garwa ta Kamaru, shinkafa da sukari da man girki, kaya na tasowa daga Duwala a jirgin ƙasa har Ngaundere sannan manyan motoci su kwaso, muna da sito a Marwa da Kusuri, wasu 'yan kasuwan ma daga Injamena suke tsallako gada su saya. Lokacin da na zo kowane sashe da tasa manhajar. Mai lissafin kuɗi yana kan Sage, manhajar lissafi, mai sito yana da Excel ɗinsa da ba ya yarda kowa ya taɓa, albashi da kuɗin CNPS, asusun fanshon ma'aikata, a wata manhajar daban, oda kuma ta WhatsApp take shigowa, biya ta Orange Money ko MoMo, hanyoyin tura kuɗi ta waya, a wayar yaron kanti.

Wlh duk ɗaya-ɗaya suna aiki lafiya, rigimar tana wajen haɗa su. Buhu guda mai kilo 50 a sito sunansa RIZ50, a Sage riz 50 kg, a Kusuri an rubuta shinkafa babba, to ƙarshen wata in aka tara sai a ga kaya iri uku alhali buhun ɗaya ne, mai gida ya kira ni yana faɗa wai kwamfuta ta ci masa kaya. Shi a ganinsa maganin kawai a sayo Odoo, manhaja guda mai haɗa duk ayyukan kamfani, a zuba komai ciki, na ce Alhaji ka yi haƙuri, in muka kwashe shirmen nan muka zuba can shirmen za mu tarar, sai dai mun biya kuɗi.

Sai muka ɗauki babbar takarda muka zana kowace manhaja da abin da take bai wa 'yar uwarta, muka tsayar da magana ɗaya: kowane bayani gidansa ɗaya. Lambar kaya sito ne kaɗai ke ƙirƙira, sauran su karanta. Abokin ciniki da lambar NIU ɗinsa, wato lambarsa ta biyan haraji, muke gane shi in yana da ita, tunda rubutun suna kowa da yadda yake yi. Lissafi ya zauna a Sage saboda an riga an daidaita shi da SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashen yankinmu, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, harajin TVA, wato VAT, na 19.25 cikin ɗari ma can kaɗai ake saka shi, ba kowa ya buga nasa a Excel ba.

Wanda ya fi wuya shi ne mai sito, dattijo ne, shekara da shekaru fayil ɗin nan a hannunsa, sai da na bar masa shi yadda yake na ƙara layi ɗaya kawai na lambar kaya kafin ya sake jiki. Na Kusuri kuma saboda ɗauke wuta da rashin intanet suna aiki a kwamfutarsu da rana, da dare bayanan su taho Garwa. Kuɗin da ke shigowa ta waya ne har yanzu da hannu muke daidaita shi duk ranar Asabar.