Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gidan Kubwa da Maganar Baffa

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗaura mana aure da Maman Yara, na bar ta a Funtuwa wajen Inna, na koma Abuja ni kaɗai. Wasu na ta tambayar me ya hana ni tafiya da ita. To ina zan ajiye ta? Ɗakin da nake kwana a Mararraba mu uku ne a ciki, katifa biyu da risho ɗaya, banɗaki kuwa na gida duka ne, sai ka kai bokitinka layi tun kafin assalatu. Ba ni na kama ɗakin ba, ban san mai gidan ba, ban taɓa ganin rasit ba. Ƙarshen wata in miƙa kasona ga wanda ya riga mu shiga, shi ke nan. Shekarun nan ba ni da abin faɗa a kansu sai cunkoson Nyanya.

A 2007 Inna ta ce ya isa haka, mace ba ta zama da aure a waya. Na shiga neman gida a lokacin da bai kamata mai ƙaramin albashi ya nemi gida a Abuja ba. Rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista ya kwaso mutanen Karmo da wasu unguwanni ya watsa su gefen gari, kowa da kayansa a ka yana neman inda zai fake. Masu gidaje suka samu kasuwa. Shekara biyu ake biya a dunƙule, ba ragi. Ejan ya karɓi kashi 10 cikin 100 na la'ada, a ce wani kashi 10 na lauya ne, lauyan da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, sannan ga kuɗin ajiya na ɓarna, wanda suke cewa koshon. Tun kafin ma a nuna maka ƙofa sai ka biya kuɗin zuwa duba gida, kuma kai za ka biya wa ejan ɗin mota.

Ana cikin haka Baffa ya kira ni. Ya ce yayan amaryarsa, wani Alhaji, yana da gidaje a Kubwa, ɗaya ya fita hannun wani, in je in gaishe shi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Babu ejan, babu la'ada.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a bayan wani babban gida, ₦250,000 a shekara. An yi masa sabon fenti fari fat, har ƙamshinsa na hawa kai. Amma a kusurwar ɗakin ciki silin ya ɗan kumbura, kuma ta ƙarƙashin fentin ana hango wani zagaye ruwan ƙasa. Na ɗauki tsintsiya na taɓa wurin da gindinta, na ji ya yi laushi. A jikin bangon waje, kusa da mita, an soke takardun bil ɗin wuta a ƙusa, na ƙarshe yana ɗauke da bashin da wanda ya fita ya bari. Watan Satumba ne, damina ba ta gama tafiya ba. Na ce wa Alhaji gida ya yi mini, zan kawo kuɗin shekara biyu, amma ina roƙon a yi takardar yarjejeniya.

Ya dube ni ya yi dariya. "Haba ɗana, kai da gidanku? Kawo kuɗin ka karɓi makulli."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bashi na ciwo a kofaretib ɗin ofis, su za su nemi takarda." Gaskiya ne na ci bashin, amma su rasit kawai suke so. Ni ne mai son takardar.

Ban kai bakin titi ba waya ta yi ƙara. Baffa ne. Bai ko amsa gaisuwata ba. "Kai yaro, boko ne ya kai ka ga haka? Mutum ya yi maka alheri ka ce ya sa hannu kamar ɓarawo? Tsakanin 'yan'uwa ba a takarda." Ya maimaita, ya kashe.

Tsakanin 'yan'uwa ba a takarda. Na ji wannan magana a bakin Baffa tun ina yaro, lokacin da aka ba wani aron gonar Kaka ta bakin rafi, gonar da har yau ba ta dawo ba. Allah ya jiƙan Baffa, mutum ne mai kyauta, shi ya saya mini keken da na yi sakandare da shi. Amma wannan maganar tasa ta ci wa gidanmu dukiya fiye da fari da gobara. Kuma abin mamaki, shi ne mai jan mu sallah, ya fi ni sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Malaman fiƙihu ma sun ce haya ba ta inganta sai an san kuɗin an san wa'adin. Ban taɓa iya faɗa masa haka a fuska ba. Ba a yi mana wannan tarbiyya ba.

Alhaji ya yi fushi, amma ₦500,000 ba abin wasa ba ne. Ya sa yaronsa ya kawo irin takardar nan da ake bugawa a shagon kwamfuta, a canza suna kawai. Shafi uku, da Turanci. Na kai wa wani abokin aikina a sashen shari'a, Bayarabe, mutumin kirki, muka zauna a kantin ofis da jan biro. Shi ya fara nuna mini yadda ake karanta irin wannan takarda. Ya ce kada in damu da dogon Turancin farko, in nemi abu kaɗan: sunan wa ke kai a matsayin mai gida, kuma shi ne mai gidan da gaske ko wakili, wane gida ne takamaimai, nawa ne, daga wace rana zuwa wace rana, wa zai gyara me, sannan in an tashi rabuwa, yaya za a rabu.

A kan wannan na ƙarshen ya daɗe. Ya ce dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja ta tsara wa'adin notis gwargwadon yadda kake biya: mai biyan mako, mako guda, mai biyan wata, wata guda, mai biyan wata uku-uku, wata uku, mai biyan shekara, wata shida. In wa'adin ya cika ba ka fita ba, sai a sake ba ka notis na kwana 7 cewa mai gida zai tafi kotu, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Amma, in ji shi, wannan wa'adin na wanda bai rubuta nasa ba ne. In ka sa hannu a kan wata guda, to wata gudan ne naka ko da shekara kake biya. Ya juya shafi na biyu ya ɗora biro a kan wani layi. Wata guda aka rubuta. Muka soke, muka sa shida. Ya ƙara gargaɗina cewa hayar da aka yanke mata rana, irin tawa ta shekara biyu, ranar na cika ta ƙare da kanta, ba sai an ba ni wata shida ba. Don haka muka rubuta cewa bayan shekara biyun, in na biya ya karɓa, na zama ɗan hayar shekara-shekara.

Da hannuna na ƙara abu uku a ƙasa: rufi da bango da sokawe gyaransu na mai gida ne, ƙwan lantarki da famfo da makulli nawa, bashin wutar da na tarar ba nawa ba ne, na rubuta lambar mitar da adadin da ke kan bil ɗin, sannan silin ɗakin ciki na same shi da tabo. Alhaji ya sa hannu yana kallon wani wuri. Shaidu biyu, yaronsa da abokin aikina. Kowa ya riƙe kwafi.

Bara da ɗana Babangida zai kama ɗaki a Kaduna ya turo mini tasa yarjejeniyar ta WhatsApp, na ga layin nan na wata guda yana nan daram, kamar daga shago ɗaya aka bugo su. Ya ce, "Baba, ejan ya ce kowa haka yake sa hannu." Na ce to kai ba kowa ba ne. Yaran yanzu sun fi mu sauƙi ta wani gefen, mita mai kati ta kashe rigimar bil, kuma taransifa shaida ce da kanta. Ta wani gefen kuwa ba abin da ya canza. Legas ta yi dokar haya tun 2011 zamanin Fashola, ta hana karɓar fiye da shekara guda a hannun sabon ɗan haya. A Abuja an kai ƙudirin rage kuɗin gaba Majalisar Dattawa a 2022, aka yi ta magana a rediyo, masu gida suka ci gaba da abin da suka saba.

Mu koma Kubwa. Maman Yara ta tare ranar 1 ga Oktoba, 2007. A gidan aka haifi Babangida da Ummi. Shekara biyu suka cika, na biya ta uku, ya karɓa. Ba ma gaisawa sosai da Alhaji, amma ba faɗa.

A daminar 2010 silin ya faɗo. Cikin dare ne, Allah ya sa gadon yara na ɗaya gefen. Da gari ya waye Maman Yara ta jera robobi da tukwane har da kwanon tuwo a tsakar ɗaki, katifa ta sha ruwa, akwatin lefenta na ƙasa ya jiƙe, atamfofi suka zuba wa juna launi. Wannan bai taɓa fita daga ranta ba. Kafinta ya hau ya ce kwano shida sun ruɓe, katakon ma gara ta cinye. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan haya mai ɗakin yana can Maitama yana barci.

Na rubuta wa Alhaji wasiƙa, na haɗa da lissafin kafinta, ₦68,000. Ya ce ba shi da kuɗi a hannu, in gyara a cire a haya. Na gyara, na adana rasit ɗin kwano da na ƙusa da na silin. Da Oktoba ta zo ya ce yana shirin Hajji, in biya cikakke, a cire baɗi. Na yarda, don ba a hana mai niyyar Makka. Sai dai na juya bayan rasit ɗin hayar na rubuta cewa ina bin sa ₦68,000 na rufi, na miƙa masa biro. Ya ce, "Kai dai ba ka canzawa." Ya sa hannu.

A 2011 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na ₦18,000. Kuɗin bai shigo aljihun kowa ba tukuna masu gida suka riga mu lissafi. Ƙarshen Agusta yaron Alhaji ya zo da saƙon baki: in fita ƙarshen Satumba, ɗan Alhaji zai yi aure. Unguwa duka ta san ba wani aure, wani ma'aikacin banki ne ya taya gidan ₦450,000. Na ce a gaya wa Alhaji ina gaisuwa, kuma ina jiran notis a rubuce, na wata shida. Bayan kwana biyu yaron ya dawo da wani mai guduma, wai an ce su fara cire kwano za a yi gyara. Kwanon da na saya! Na fito da kwafin yarjejeniya na tsaya a bakin ƙofa, na ce duk wanda ya taɓa ƙusa ɗaya sai dai mu haɗu a gaban alƙali, domin doka ba ta ba mai gida ikon yaye rufi ko canza makulli ko yanke wuta don ya kori ɗan haya ba, ko da ana bin sa kuɗi, balle ni da nake bi. Mai gudumar ya fi yaron hankali, ya saɓa abarsa ya tafi.

Sai aka kira ni gida. Zaure ya cika: Baffa, Kawu, su Yaya, har da waɗanda ba su taɓa tambayar yadda nake kwana a Mararraba ba. Aka ce na tozarta surukin gida, na yi masa barazana da kotu, amaryar Baffa ta yi yaji saboda ni. Ina zaune a ƙasa, kaina a sunkuye. Baffa ya ce, "Tun farko na faɗa maka. Takardar nan ita ta kawo wannan. Tsakanin 'yan'uwa ba a takarda."

Kawu ne kaɗai ya ce a ba shi ya gani. Ba ya karanta Turanci, amma ya juya bayan rasit ɗin, ya ga lambobi, ya ga sa hannun Alhaji. Ya ce, "Yaya, wannan hannun wane ne?" Baffa bai amsa ba. Kawu ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce in adana. Taron bai watse da an ba ni gaskiya ba, kada wani ya gaya muku haka. An dai ce in ba Alhaji haƙuri, na je na ba shi. Ban fasa wata shidana ba.

Notis ya zo a rubuce. Abokin aikina ya duba ya ce in ina son ja, akwai inda zan kama, tunda a ƙa'ida notis ɗin ɗan hayar shekara kamata ya yi ya ƙare daidai da cikar shekarar hayarsa, ka ga sai Satumbar 2012 ke nan. Na ce a'a. Abin da muka rubuta nake so, ba ƙari. Na biya kuɗin wata shida a tsohon farashi, ₦125,000, na cire ₦68,000 ɗina, na tura sauran ta banki don ya zama da shaida. Ƙarshen Maris 2012 muka kwashe zuwa Dutsen Alhaji. Na sa aka yi fenti, na ɗauki hoton kowane ɗaki, na miƙa makulli a gaban shaidu. Koshon ɗina ₦20,000 bai dawo ba har yau, wai ƙofar kicin ta tsage. Ƙofar a tsage na same ta, ita ce abu ɗaya da ba ta shiga takarda ba, kuma ita ce abu ɗaya da aka ci ni a kai.

Baffa bai sake yi mini maganar ba har ya rasu. Da aka zo rabon gadonsa, shagonsa na bakin kasuwa yana hannun wani ɗan'uwan amaryar tasa, wanda ya ce ba haya aka ba shi ba, kyauta ce. Babu rasit, babu shaida, wanda ya san gaskiya yana ƙasa. 'Ya'yan Baffa, waɗanda suka zauna a zauren nan suna gyaɗa kai lokacin da ake yi mini faɗa, su ne suka zo har Abuja suna tambayata ko na san lauya mai sauƙin kuɗi. Na haɗa su da abokin nan nawa, ya riga ya yi ritaya. Yadda shari'ar shagon ta kaya, da abin da Inna ta faɗa wa amaryar Baffa ranar sadakar arba'in, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.